Kwalbar da Ta Tsayar da Jirgi

Sufeto ya riga ya buɗe ƙofar motarsa sa'ad da wayarsa ta ɗauki ruri. Ranar hutunsa ce, ko kaki bai sa ba. Surukarsa ya kawo filin jirgi, za ta je ganin autarta da ta haihu a can ƙetaren teku, kuma tun daga gida har bakin ƙofar shiga yake fama da akwatunanta da nasihohinta. Yanzu da ya samu kansa, ba abin da ke ransa sai barcin rana.

Kofur ce, mataimakiyarsa a ofishin 'yan sandan filin jirgin.

"Yallaɓai, kana kusa?"

"Ina wurin ajiye motoci. Kada ki gaya min komai, Kofur, hutu nake."

"An sace kwalba, yallaɓai."

"Kwalba? A kan kwalba kike kirana?"

"Wannan kwalbar ce za ta hana babban jirgi tashi."

Ya mayar da ƙofar motar ya rufe, ya juya da gudu.

Mutum uku ya tarar a ofis, ba wanda ya iya zama a cikinsu. Manajan kamfanin jirgin yana ta share gumi duk da sanyin ɗakin. Kyaftin ɗin jirgin yana jingine da bango, hularsa a hammata. Ta ukun wata mata ce mai tabarau, jami'ar hukumar tsaron jiragen sama, wadda ma'aikata ke kira Mai Sa Ido a bayan idonta. Ita ta fara magana.

"Ka san doka, Sufeto. Ba a shiga jirgi da ruwa ko mai ko turaren da ya wuce mililita ɗari a jakar hannu. Aikina in gwada ko ma'aikatan nan suna kamawa. Da safe na turo mutumina kamar fasinja, da wata shuɗiyar kwalba a jakarsa, ka rantse turare ne mai tsada. Abin da ke ciki ba ya fashewa, amma duk na'urar sansano bam za ta ce bam ne."

"Sun kama?"

"Sun kama. Yarinyar da ke kan na'ura ta cire ta, ta jefa a akwatin kayan da ake ƙwacewa. Ban bayyana kaina ba sai da na gama gwada sauran layukan. Na zo karɓar kwalbata, aka buɗe akwati, wayam."

"To idan ta shiga jirgi fa?"

"A can za a sansano ta, a ce mun bar bam ya ƙetare teku. Jirgin nan ba zai motsa ba sai na riƙe ta a hannuna. In ba ta fito ba, a fitar da kowa waje, a sauke kaya, a sake bincike daga farko."

Kyaftin ya girgiza kai. "Tafiyar awa goma sha huɗu ce, ba yada zango. Ni da ma'aikatana akwai iyakar lokacin da doka ta yarda mu yi a bakin aiki, kuma ya fara tafiya tun da muka sa ƙafa a ginin nan. In aka sake bincike daga farko, lokacinmu zai ƙare muna sama. Sai dai a soke tafiyar."

"Sokewar kuwa ita ce ƙarshenmu!" in ji Manaja. "Jirgi irin wannan, in bai cika ba asara, in ya kwana a ƙasa asara. Hedikwata ta gaya min ƙarara, in aka sake soke tashi a watan nan za su janye hanyar baki ɗaya. Shekara da shekaru muna roƙo kafin a ba mu ita. Mutane su koma yada zango a ƙasashe biyu, tsofaffi da marasa lafiya suna kwana a kan benci!"

A ransa Sufeto ya hango surukarsa ta dawo gidansa da akwatunanta, tana bayanin yadda sirikinta ɗan sanda ya kasa gano kwalba ɗaya. Jikinsa ya ɗauki zafi.

"Kyaftin, lokaci nawa za ka iya ba ni?"

"Bai kai awa biyu ba."

"Kofur, a rufe ƙofar ma'aikata. Kada wanda ke bakin aiki ya fita. Mu je."

Wurin bincike ya cika maƙil. Fasinjoji suna cire takalma da bel, tire-tire na gudu a kan na'ura, wata mata tana rantsuwa cewa man gashinta bai kai mililita ɗari ba. A tsakiyar wannan hargitsi wani dogon mutum mai furfura yake tsaye, rigarsa a goge kamar yanzu aka cire ta daga leda. Shi ne shugaban masu bincike. Saboda tsananinsa kowa Doka yake kiransa, har ya zama kamar ba shi da wani suna.

"Sufeto, na ji kunya yau," in ji Doka, tun kafin a tambaye shi. "Shekara ashirin ina wurin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

Sufeto ya durƙusa gaban akwatin. Na ƙarfe ne, da rami a sama daidai shigar kwalba, hannu ba ya shiga. Ya jijjiga kwaɗon, ya duba bakinsa. Ba ƙwarzane ko ɗaya.

"Ba a fasa shi ba. Makulli nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya a wurina, ɗaya a sito, mai shara ke karɓa in za a kwashe kayan a kai wurin ƙonawa."

"Ka buɗe shi yau?"

"Sai ɗazu, a gaban Madam."

"Ka bar wurin nan tun safe?"

"Ko nan da can. Ni a ganina kwalbar ba ta ma shiga akwatin ba. Ka matsa wa yarinyar. Sabuwa ce, kuma 'yan matan yanzu, ka san su da turare."

Sufeto ya ɗaga kai ya dubi kyamarar da ke sama. An jera tire-tire a kan wata kanta, tsibi guda, daidai tsakaninta da akwatin.

"Wa ya jera waɗancan?"

"Kullum nan ake tara su."

"Kullum," in ji Sufeto. Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

A wani ɗan ɗaki na gefe aka zaunar da yarinyar da ke kan na'ura. Idanunta sun yi ja, tana ta murza gefen hijabinta. Kofur ta goga mata ɗan ƙyallen gwaji a tafin hannu, ta zura shi cikin na'urar sansano. Nan take na'urar ta fasa ƙara, fitila ta yi ja.

"Wallahi ban ɗauka ba!" Ta fashe da kuka.

Sufeto ya ce, "Ke kika cire ta daga jaka, dole hannunki ya nuna. Share hawayenki. Kin jefa ta a akwati?"

"Na jefa. Har ƙararta na ji."

"Daga nan fa?"

"Na ci gaba da aiki."

"Kofur ta duba hoton kyamarar layinki. Kujerarki wani ne a kai, jim kaɗan bayan kin jefa."

Ta sunkuyar da kai. "An ce in je in huta."

"Wa ya ce?"

"Oga."

"Lokacin hutunki ne?"

"A'a. Amma in Oga ya ce ka tashi, tashi kake yi. Yallaɓai, don Allah kada ka ce ni na faɗa. Wata biyu ke nan da na samu aikin nan, ni ke riƙe da mahaifiyata."

Sufeto ya sa aka juye akwatin a kan tebur. Gorunan ruwa, lemon kwalba, man shafawa mai araha, man wanke baki, sabulun ruwa. Ya baza su da hannu yana kallo, sai wani abu ya faɗo masa.

"Turare nawa kika ƙwace yau?"

"Da yawa. Jirgin nesa ne, kowa da tsarabarsa. Har wata tsohuwa ta kusa cinye ni ɗanya a kan nata."

"Kofur, nemo min turare ɗaya a nan."

Kofur ta tona, ta sake tonawa. Ta ɗago da ido waje.

"Babu ko ɗaya, yallaɓai!"

"Ɓarawonmu bai san bam ba, bai san gwaji ba," in ji Sufeto. "Turare yake tsinta. Kira min mai shara."

Mai sharar tsohuwa ce gajeruwa, Inna ake ce mata. Ta turo kekenta na shara har cikin ɗakin, ta tsaya a bayansa kamar mai neman mafaka.

"Inna, kin taɓa akwatin nan yau?"

"Ni? Ban ma san inda yake ba, ɗan nan."

"Ba ke kike kwashe shi ba?"

"To, sai da yamma. Kuma ni abin mutane ko kallo bai ishe ni ba."

Kofur ta ɗaga tsummokaran da ke ƙasan keken. Man shafawar jarirai guda biyu da sabulun ruwa suka bayyana. Inna ta dafe ƙirji.

"Na jiya ne! Jikokina ne ke fama da ƙaiƙayi. Wuta za a sa musu fa, ɗan nan, wuta! Ni dai na ce da a ƙone gara a shafa."

Aka goga ƙyalle a hannunta, aka goga a keken, ciki da waje. Na'ura ta yi shiru, fitila kore.

"Turare fa, Inna? Ba kya ɗaukar wa kanki?"

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Turare? Ai kafin akwatin ya iso gare ni an riga an yaɗe man, tsakin ake bar min. Rabona da ganin turare a ciki har na manta."

"Wa ke yaɗewa?"

"Ni dai shara nake yi. Idona a ƙasa yake."

Kafin ya sake wata tambaya, wayar Kofur ta yi ƙara. Ta saurara, ta dubi Sufeto, tana ƙoƙarin danne dariya.

"Yallaɓai, rigima ta ɓarke a shagon turare, can ciki wajen jiran jirgi. Wata Hajiya ta riƙe kwalba ta ce ba mai raba ta da ita. Ta ce a kira mata sirikinta, babban ɗan sanda ne."

Sufeto ya runtse ido. "Innalillahi."

Tun daga nesa ya jiyo muryarta. Mutane sun yi da'ira a bakin shagon, ita kuwa tana tsakiya, mayafinta ya zame, ta ƙanƙame wata kwalbar turare a ƙirji. Mai shagon, wata mata fara mai zobba a kowane yatsa, tana ta cewa, "Hajiya, ki biya ko ki ajiye!"

Sufeto ya rage tsawo, ya kawar da ido gefe kamar yadda ya saba a gabanta.

"Mama, lafiya?"

"Ina fa lafiya! Baban yara, dubi abin da ake yi a wurin aikinku. Ɗazun nan aka ƙwace min turaren nan a wajen bincike, wai ya yi girma, wai zan tashi jirgi da shi. Turaren da na saya wa mai jego! Na haƙura, na shigo in sayi wani, sai ga nawa a kan kanta, an manna masa farashi ninki biyu!"

"Kamfani ɗaya ke yin su," in ji mai shago. "Dubu nawa ne irinsa a duniya?"

"Dubu nawa ne jikana ya ciji murfinsu? Ɗanka ne, Baban yara, wannan mai fitar da haƙoran. Jiya da daddare ya ɗauka ya kai baki. Duba!"

Ya karɓa da hannu biyu. A jikin murfin zinariyar ga sawun ƙananan haƙora nan, reras. Ya san haƙoran nan, sun sha cizonsa a yatsa.

"Mama, Allah ya saka da alheri. Yau kin yi wa hukuma aiki."

"Ni turarena nake so, ba godiya ba."

"Za a san yadda za a yi. Kofur, ƙyalle!"

Kofur ta goga a kan kanta, ta goga a kan tarin ledojin da ake liƙe wa fasinja kayansa a ciki. Wani ma'aikaci ya ruga da ƙyallen zuwa na'urar da ke bakin ƙofar shiga jirgi. Ƙarar da ta tashi har cikin shagon aka ji ta.

Fuskar mai shago ta canza.

"Ina shuɗiyar kwalba?" in ji Sufeto.

"Ban san wata shuɗiyar kwalba ba."

"Na'ura ta ce ta zauna a kan kantarki. Wannan kwalbar, a wurin hukuma, bam ce. Ki zaɓa, ko ki amsa laifin sayar da kayan sata, ko ki amsa na shigar da bam cikin jirgi."

Ta dafa gilashin kantar. "Na sayar."

"Wa?"

"Wani dattijo. Farar riga, sanda a hannu. Ya ce matarsa aka yi wa aiki a asibiti a can, yana so ya kai mata abin da za ta yi murna."

Sufeto bai tsaya jin sauran ba. "Kofur, ki tsare ta!" Ya fita a guje.

Zauren jiran jirgin ya fi kasuwa cika. Ɗaruruwan mutane, wasu a kujera, wasu a ƙasa, yara na tsalle a kan jakunkuna. Dattawa masu farar riga kuwa sun fi a ƙirga. Ya bi layi-layi yana leƙa ledoji, yana "Afuwan, Baba," yana "Yi haƙuri, Alhaji." Wannan cakulan ne, wancan agogo. Manaja ya biyo shi yana haki, ya sa aka yi shela a lasifika, amma hayaniya ta haɗiye ta.

Wani yaro a kafaɗar babansa ya nuna da yatsa. "Mai sanda ya shiga can."

Ɗakin alwala ne. Sufeto ya banka ƙofa. Ga dattijo a gaban madubi, sandarsa a jingine, ya yage ledar, ya cire murfin shuɗiyar kwalba, ya ɗaga ta daidai wuyansa.

"Baba, kar ka fesa!"

Dattijon ya firgita, kwalbar ta suɓuce daga hannunsa. Sufeto ya yi sufa a kan jiƙaƙƙen tayil, gwiwarsa ta daki ƙasa, ya cafe ta da hannu biyu saura ƙiris ta fashe. Ya zauna a cikin ruwa yana haki, yana dariya shi kaɗai.

"Ɗana, lafiyarka kuwa?" in ji dattijon. "So nake in ji ƙamshin, kada in kai mata abin da ba ta so. Matar nan tawa ba ta da sauƙi a kan turare."

"Baba, da ka fesa wannan, da kai ma ba ka gan ta ba sai bayan kwanaki. Manaja, a ba shi wani, wanda ya fi kowanne tsada."

"Guda biyu ma!" in ji Manaja, yana rungume dattijon.

Amma da aka miƙa wa Mai Sa Ido kwalbarta, ko murmushi ba ta yi ba. Ta duba ta, ta sa a jaka, ta gyara tabarau.

"Na gode, Sufeto. Jirgin dai ba zai tashi ba."

"Haba Madam!" Manaja ya kusa durƙusawa.

"Kwalbar nan a waje aka ƙwace ta, a ciki aka same ta. Akwai hanyar da kaya ke bi su tsallake bincike. Yau turare ne ya bi ta, gobe ban san me zai bi ba. Sai na ga hanyar da idona."

Kyaftin ya dubi agogonsa, ya dubi Sufeto.

Sufeto ya koma kan mai shago. Ta dage, wai da safe take tarar da kayan a sito, ba ta san mai kawowa ba. Ya bar ta, ya nufi ƙofar ma'aikata, inda wani mai gadi ke zaune kusa da ƙaramar na'urar haska kaya.

"Wa ya wuce nan yau ba a bincike shi ba?"

"Ba kowa, yallaɓai. Ko Manaja sai ya cire bel."

"Kaya fa? Akwai abin da ba ya bi ta na'urar nan?"

"Babu." Sai kuma ya tuna. "Sai dai akwatin gwaji. Shi ai ƙa'ida ce, ba a haska shi, ba a buɗe shi. Kayan gwada na'urori ne a ciki."

"Sau nawa ake gwada na'urar cikin zaure?"

"Da safe, kafin a fara aiki."

"Yau sau nawa akwatin ya wuce?"

Mai gadin ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi hanyar wurin bincike.

"Ya isa," in ji Sufeto. "Kar ka faɗa. Zauna abinka."

Ya tara su duka a bakin ƙofar shiga jirgi, Mai Sa Ido, Manaja, Kyaftin, da mai shago a hannun Kofur. Ya sa aka kira yarinyar na'ura, sannan ya aika a gaya wa Doka cewa Madam na shakkar na'urar nan, a zo da akwatin gwaji a gwada ta a gabanta.

Doka ya iso da baƙin akwati a hannu, yana tafiyarsa ta isa. Da ya ga mai shago sai ya kawar da kai kamar bai taɓa ganinta ba.

"An samu kwalbar, na ji. Madalla. Yarinyar ta amsa ke nan?"

"Ba ta amsa ba tukuna. Ka ce min ba ka bar wurin bincike ba tun safe."

"Haka ne."

"To miƙo hannunka."

Ya miƙa ba gardama. Aka goga, aka zura. Kore. Doka ya yi murmushi.

"Ka gani? Ni da safar hannu nake aiki, kamar yadda doka ta ce."

"Na sani. Buɗe akwatin."

"Sufeto, wannan ba a buɗe shi a gaban fasinjoji. Ƙa'ida ce."

"Ni na rubuta ƙa'idar," in ji Mai Sa Ido. "Buɗe."

Ya daɗe yana laluben maɓallan. Da murfin ya ɗago, wani ƙamshi ya bugi kowa, haɗin turaruka iri-iri da suka daɗe suna zama a wuri ɗaya. Kayan gwajin an matse su a gefe guda, an yanke soson da ke ƙasa an yi gurabe daidai zaman kwalabe. Sufeto ya karɓi ƙyalle da kansa, ya goga a cikin guraben, ya zura a na'ura.

Ƙarar ta cika zauren. Fasinjoji suka miƙe tsaye.

"Yaya, ka faɗa musu kawai," in ji mai shago, tana kuka. "Na gaji."

"Yaya?" Manaja ya maimaita. "Ƙanwarka ce?"

Doka ya nemi kujera ya zauna. Tsayin nan nasa duk ya tafi.

"Uwa ɗaya uba ɗaya," ya ce a hankali. "Sunan mijinta take amfani da shi, shi ya sa ba wanda ya sani." Ya shafa fuskarsa. "Kullum ina kallo ana ƙona dukiya. Turaren da albashina na wata ba zai saya ba, a zuba masa fetur. Ran nan na ɗauki ɗaya na kai wa matata, ba abin da ya faru. Da ƙanwata ta samu shago a ciki, sai abin ya zama hanya. Da aka buɗe jirgin nesa kuwa, kaya suka ninka. Ban san kwalbar gwaji ce ba. Da Madam ta bayyana kanta, na so in koma in karɓo, sai kuka rufe ƙofa."

"Sai ka ce yarinyar nan ce," in ji Sufeto.

Doka bai ɗago ba.

"Wa na cuta, Sufeto? Kayan wuta ne."

"Ka buɗe hanyar da ba mai dubawa, ka bi ta kullum har mai gadi ya daina ganinka. Da wani ya gano ta kafin mu, ya musanya maka kwalba ɗaya, da hannunka za ka kai ta bakin jirgi. Dubi mutanen nan. Awa goma sha huɗu za su yi a sama, yawancinta a kan ruwa, ba inda za a sauka."

Doka ya juya ya dubi zauren, mata da goyo, ɗalibai, dattijon nan da sabuwar ledarsa a cinya. Ya sunkuyar da kai.

Mai Sa Ido ta riga ta fara ba da umarni. A rufe shagon, a bi duk wanda ya sayi kaya a ciki a goga ledarsa, daga yau kuma akwatin gwaji ya bi ta na'ura kamar jakar kowa. Ma'aikata suka bazu da gudu. Ba a jima ba ta dawo, ta dubi Kyaftin.

"Ɗebi mutanenka."

Kyaftin ya kifa hularsa a kai, ya yi wa Sufeto wata irin sarawa, ya ruga cikin jirgi. Da lasifika ta sanar da fara shiga, zauren ya kaure da tafi da kabbara. Manaja ya rasa wanda zai runguma, ya rungumi wani mai gadi.

Kofur ta fito da ankwa. Doka ya miƙe, ya cire katin aikinsa daga wuya, ya ajiye makullin akwati da oba-obarsa a kan tebur.

"Sufeto, alfarma ɗaya. Ka fitar da ni ta baya. Kada yaran da ke ƙarƙashina su gan ni haka."

Sufeto ya dube shi, ya dubi yarinyar da har yanzu idanunta ba su washe ba.

"Ita a gabansu ka kira ta ɓarauniya. Ta gaba za mu bi."

Ankwa ta yi ƙara a hannun Doka. A daidai lokacin oba-obar da ke kan tebur ta yi ƙaraurau, wata murya ta fito: "Layi na biyu, layi na biyu, an samu jaka da ruwa a ciki, mai ita ya ƙi yarda. Wa ke kan aiki?"

Ba wanda ya motsa. Sufeto ya ɗauki oba-obar ya miƙa wa yarinyar. Ta karɓa, ta share fuska da gefen hijabi, ta danna.

"Ku riƙe jakar. Ga ni nan zuwa."

Ta wuce gaba da sauri. Sufeto da Kofur suka bi bayanta da Doka da ƙanwarsa a tsakiya, suka ratsa ta wurin bincike, ma'aikata suna matsawa gefe suna ba su hanya.